Mai ɗaki da mai diplom: jami'o'inmu da ilimin mutanen ƙasa

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ko ya ratsa ta Matamai ya nufi Magarya, ya ga abin da zan faɗa da idonsa. Gonakin da iyayenmu ke ba mu labarin sun zama fili fetal bayan farin 1973 da na 1984, har iska kan binne shuka da rairayi sau biyu ko uku kafin ta kama, yau ga su nan cike da gawo da kalgo da sabara da aduwa. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan Adam na farkon shekarun 2000 sun ƙiyasta cewa gonakin da itatuwa suka sake rufewa a kudancin Nijar sun kai hekta miliyan 5, itatuwan kuwa wajen miliyan 200. Wani rahoto da ya fito a 2009 ya ƙara da cewa wannan aiki na kawo ƙarin hatsi kimanin tan 500,000 kowace shekara. Babu wani projen dashen itatuwa da aka taɓa yi a ƙasar nan da ya ko kusanci wannan adadi. Abin mamakin shi ne ba dasawa aka yi ba. Manomi ne ya ga kututture ya yi toho lokacin sassabe, maimakon ya sare ya ƙone, sai ya zaɓi rassa biyu ko uku mafi ƙarfi ya bari, ya rage sauran, ya yi ta kiwonsu shekara da shekaru har suka zama itace.

Tambayar da nake son mai karatu ya riƙe ita ce: a wane aji na wace jami'a aka koya wa manomin nan wannan aiki? Kuma yau da duniya ta shaida aikin nasa, wace jami'a ce cikin namu ta taɓa ɗaukarsa a matsayin malami?

Kada in ci haƙƙin kowa. Wani ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan a Maraɗi, ya lura a 1983 cewa ƙananan tsirran da ake gani a gonaki kututtura ne masu rai da saiwa mai zurfi, kuma lokacin yunwar 1984 ya yi amfani da rabon abinci wajen jawo hankalin manoma su bar su. Daga nan ne sunan «sassabin zamani» ya yaɗu. Haka kuma ƴan ƙasa irin su Mahaman Larwanu na cikin waɗanda suka bi gona gona suka ƙidaya, suka rubuta, har duniya ta yarda. To amma a ƙasashen Magarya da Matamai da Mirya, inda gawo ya fi yawa, manoma ba su jira proje ba. Sun san tun kaka da kakanni cewa gawo na zubar da ganyensa da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, sa'an nan ya yi ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Sun san ƴaƴansa abincin bisashe ne, sun kuma san gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Har yau ana ba da labari a Damagaram cewa zamanin sarakunan da, wanda ya sare gawo ba da izini ba hukuncinsa mai tsanani ne. Wato abin da aka laƙaba wa sunan zamani ya girmi kakan wanda ya raɗa masa sunan.

Me ya sa to aka yi shekaru ana sare tohon? Ɗaya daga cikin dalilan, a nan ne ya kamata mu ma'abota boko mu sunkuyar da kai. Dokar gandun daji ta Nasara ta 1935, da tamu ta 1974 da ta gaje ta, sun sa itatuwa irin su gawo ƙarƙashin ikon gwamnati ko da a gonar mutum suka tsiro. Manomi ya sassabe reshe a gonar ubansa, ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Mai hankali kuwa ba ya kiwon abin da zai jawo masa tara, saboda haka da ya ga toho sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Ga kuma masu wa'azin noman zamani suna koya masa cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas domin garmar shanu ta wuce. Waɗanda suka rubuta dokar da waɗanda suka yi wa'azin duka masu diplom ne. Sai da ƙarfin gwamnati ya ragu a karkara, tarar ta yi sauƙi, manomi ya fara jin cewa itacen nasa ne, sa'an nan gonaki suka farfaɗo. Doka ta biyo baya tana ɗingishi: dokar karkara a 1993, sabuwar dokar gandun daji a 2004, sai a 2020 aka fito da ƙudurin da ya tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan itacen da ya raina. An yi kusan shekara 20 itatuwa na dawowa alhali a ofisoshin Yamai ba a magana sai ta hamada mai ci gaba, domin babu wanda ya ga dalilin zuwa ya tambayi mai gona. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu mun fi yarda da wanda ya hango rufin daga jirgin sama.

A 2018 an ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin. A shekarar kuma aka ba irinta ga Yakuba Sawadogo, manomi ɗan Burkina Faso wanda bai yi lakwal ba, saboda yadda ya gyara dabarar haƙa ramuka a fako, wadda mu muke kira tassa. Manoman Illela ma da suka je Yatenga a ƙarshen shekarun 1980, daga bakin manoma ƴan uwansu suka koyo gyaran, suka dawo suka raya fakon da aka daɗe da fid da rai da shi a ƙasar Tawa. Turawa sun kira manomi sun karrama shi a gaban duniya. Mu nan gida, matsayin da muka tanadar masa a takardunmu shi ne na wanda ake yi wa tambayoyi.

Ni kaina na yi wannan laifi, shi ya sa nake maganar ba tare da ɗaga hanci ba. Lokacin da nake shirya kundin ƙarshen karatuna, na yi mako uku a wani ƙauye ina bin wani dattijo gona. Shi ya nuna mini bambancin jigawa da geza da fadama ta hanyar murza ƙasa a hannu da duba ciyawar da ta tsiro a kai. Shi ya gaya mini wane irin gero ke jure wa wace ƙasa, da abin da ya sa yake haɗa iri biyu a gona ɗaya, ɗaya mai saurin nuna ɗaya mai nauyi, don kada damina ta yaudare shi gaba ɗaya. Na rubuta duk wannan da Faransanci. Sunayen Turawan da na karanta littattafansu sun cika shafi huɗu a ƙarshen kundin. Shi kuwa dattijon, wanda rabin abin da ke ciki daga bakinsa ya fito, ya samu layi ɗaya cikin jadawali: lamba, shekaru, sana'a. Na samu diplom, aka yi mini barka. Ban koma ƙauyen ba, ko da na koma ma babu mai iya karanta abin da na rubuta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na tabbata da yawa daga cikin ma'aikatan da ke karanta wannan jarida in sun tuna nasu kundin za su ga wani dattijo ko wata tsohuwa da suka bari a baya haka nan.

Wani zai ce wannan magana ta shigo da ilimin mutanen ƙasa cikin jami'a sabon yayi ne da ya taso daga Kanada ko Ostareliya, inda Turawa suka mamaye ƙasar wasu suka mai da su tsiraru. Mu a nan ai masu ƙasar su ne mafi rinjaye, su ne kuma ke mulki. Gaskiya ne, kuma wannan ne ya sa abin ya fi ciwo: babu wanda ya hana mu sai kanmu. Maganar kuwa ba baƙuwa ba ce. Mutumin da babbar jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, masanin kimiyyar lissafi da hasken rana wanda babu Bature da zai raina iliminsa, ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka tun 1964, inda ya yi dogon bayani kan tarbiyyar gargajiya ya kuma nemi a koyar da yara da harsunansu. Bubu Hama, yana shugaban majalisar dokoki, ya bi gidajen malamai yana tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami. Su ne tushen taskar da ke cibiyar binciken IRSH a Yamai, mai ɗauke da littattafan hannu kimanin 4,000. A 1968 aka kafa a Yamai cibiyar tattara tarihin baka wadda daga baya ta zama CELHTO, ta dukan Afirka. Andre Salifu ya fito da tarihin Damagaram na ƙarni na 19 a 1971, Jibo Hamani ya fito da na Adar a 1975, kuma dukansu biyu sai da suka zauna gaban dattawa suka saurara kafin su rubuta, ba su tsaya ga rahotannin hafsoshin Faransa kawai ba. Yau jami'ar Damagaram da ta Tawa sunayensu suke amsawa. Mun liƙa sunayen a ƙofa, hanyar aikin tasu kuwa mun bar ta ga ƴan tsirarun malamai masu naci.

Abin da ya tsayar da tafiyar, a ganina, ba ƙin gida ba ne. Malaman jami'armu mafi yawansu ƴaƴan manoma da makiyaya ne, sun san abin da nake faɗa fiye da ni. Matsalar tana ga ma'aunin da ake auna su da shi da kuma aljihun da kuɗin bincike ke fitowa. Malami ba ya hawa daga wani matsayi zuwa na gaba sai takardunsa sun bi ta hukumar CAMES da ke Wagadugu, ita kuwa abin da take dubawa musamman shi ne maƙalun da aka buga a mujallun ilimi, waɗanda kusan dukansu da Faransanci ko Ingilishi suke fita. Wanda ya kwashe shekara uku yana kwafe wani littafin ajami, yana fassara shi, ko ya rubuta wa manoma jagora da Hausa ko Zabarmanci, ya yi aikin lada ne. Abokinsa da ya buga maƙala huɗu a waje ya wuce shi. Ta fannin kuɗi kuma, mafi yawan binciken da ake yi a ƙasar nan masu ba da tallafi na waje ke biya, mai biya kuwa shi ke kawo tambayar. In bana hankalinsu na kan ƙaura zuwa Turai, kowa sai ya zama masanin ƙaura. In baɗi ya koma kan tsaro, a bi shi can. Tambayar da ke damun mai gona a Gidan Rumji ko mai raƙuma a Abalak babu mai ɗaukar nauyinta.

Ga kuma batun harshe, wanda ba ya rabuwa da wannan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa a Damagaram. Fiye da shekara 50 ke nan, yaran farko sun yi jikoki, amma koyarwa da harsunanmu ba ta zama ruwan dare ba ko a firamare, balle a kai ga jami'a. A watan Maris na 2025 kundin da hukumomi suka fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ni Bahaushe ne, amma ban yi guɗa ba, saboda dalili biyu. Na farko, ayar doka ba ta rubuta littafin kimiyyar ƙasa, ba ta horar da malami, ba ta ƙirƙiro kalmar da likita zai yi amfani da ita. Maƙwabtanmu na Kano da Zariya da Sakkwato sun daɗe suna rubuta kundin digiri har na dakta da Hausa, ba da sanarwa suka kai nan ba, da aikin shekaru ne na kafa sassa da buga littattafai da daidaita kalmomi; kuma ko su, a fannin harshe da adabi abin ya fi tsayawa. Na biyu, ilimin ƙasar nan ba cikin Hausa kaɗai yake ba. Abin da Bafulatani ya sani game da ciyawa da cutar shanu cikin Fulatanci yake, sanin rijiyoyi da taurarin hanya na Abzinawa cikin Tamajak yake, sanin kogi na Sorko cikin Zabarmanci da Sonrai yake, haka na Barebari da Tubawa da Gurmawa. In muka cire Faransanci muka ɗora Hausa a kan sauran kamar yadda aka ɗora mana Faransanci, to mun canza mahayi ne kawai, jakin na nan da kayansa.

Yanzu bari in juyo ga masu tsoron cewa za a cika jami'a da tatsuniya da camfi, domin tsoron nasu yana da tushe. Ba duk abin da tsoho ya faɗa ne gaskiya ba. Al'adar da ta san amfanin gawo ita ce kuma ke hana jariri shan dakashi, wanda likitoci suka tabbatar shi ne rigakafinsa na farko. Ita ce ke kai shi wurin wanzami a cire masa beli da aska, wani ya zubar da jini, wani ya kamu da cuta. Maroƙin fada ba zai gaya maka tarihin bayin da suka gina ganuwa ba, kuma in ka tara dattawan gari ka tambaye su, muryar mata ba za ta fito ba sai ka bi su har madafa. Labarin Sarauniya ta Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, yawancinmu daga littafin Abdullahi Mamani na 1980 ko fim ɗin Med Hondo na 1986 muka san shi, alhali littafin ƙagaggen labari ne da marubuci ya ƙawata, ba tarihi tsantsa ba. To wannan ai shi ne aikin jami'a: ta kawo maganar mutanen Lugu, ta kawo takardun sojan Faransa, ta gwada su, ta faɗi inda kowanne ya yi ƙari. Ta ɗauki saiwar da mai magani ya ce tana warkar da shawara ta kai ɗakin gwaji, in ta yi a faɗa, in guba ce a faɗa. Girmama ilimin mutum shi ne a ɗauke shi da nauyin da za a iya ƙaryata shi da hujja, kamar yadda ake yi wa na kowane farfesa. Abin da muke yi yanzu ya kasu biyu, ko mu yi watsi da shi ba mu gwada ba, ko mu yi masa kirari ranar bikin al'adu mu koma ofis. Masu binciken aikin gona sun nuna hanya tun tuni: irin geron nan HKP da ake rabawa manoma, sunansa ma na asali na Zabarmanci ne, haini kire, domin daga irin manoma aka tace shi.

Alhazai ƴan kasuwa, ku ma maganar ta shafe ku, kada ku ce ta ƴan boko ce. Yadda kuke ba da kaya bashi daga Maraɗi zuwa Kano ko Kwatano ba takarda ba sa hannu, yadda uban gida ke ɗaukar bara ya koya masa ciniki har ya sallame shi da jari, yadda dillali da mai masauki ke tsaya wa baƙo, duk wannan tsari ne na tattalin arziki mai ƙa'idojinsa. Littafin da aka fi sani a kanku, wanda ya fito a 1986, wani Bafaranshe ne, Emmanuel Grégoire, ya rubuta shi. Ƴaƴanku kuwa da kuke biya wa kuɗin karatu suna haddace yadda kamfanonin Faransa da Amurka ke tafiyar da harkokinsu, su dawo ba su iya riƙe muku shago ba, ku kuma ku ce boko ya lalata su. Adashin da matanku ke yi, a kansa ƙungiyar CARE ta gina tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi a 1991, yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Kun gina masallatai, kun haƙa rijiyoyi, Allah ya saka. Wanda ya ɗauki nauyin ɗalibi biyu su yi bincike kan tambayar da shi ya zaɓa, ko ya biya a ɗauki hoton littattafan hannu da gara ke ci cikin akwatunan gidajen malamai a Agadas da Damagaram da Tawa, shi ma sadaka mai gudana ya yi, kuma ya rage mana zaman jiran baƙo.

Abin da ya rage na gwamnati da shugabannin jami'o'i ne, mafi yawansa kuwa ba ya cin kuɗi mai yawa. Tun 2010 Maraɗi da Damagaram da Tawa suka samu jami'o'insu, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Uzurin nisa da karkara ya ƙare. Majalisar kowace jami'a na iya yanke cewa ba za a karɓi kundin da aka yi bincikensa a ƙauye ba sai da taƙaitawa cikin harshen mutanen ƙauyen, kuma sai ɗalibi ya koma ya karanta musu ita a bainar jama'a, su gyara masa inda ya yi kuskure. Tana iya yanke cewa wanda ya ba da ilimi a rubuta sunansa in ya yarda, kamar yadda ake rubuta na marubucin littafi. Tana iya buɗe matsayin malami baƙo ga manomi ko makiyayi ko ungozoma ko malamin zaure da aka shaida ƙwarewarsa, a biya shi da awa kamar yadda ake biyan kowane malamin wucin gadi, ba a sallame shi da goro da kuɗin mota ba. Ministan ilimi mai zurfi kuma yana da kujera a majalisar ministocin CAMES; babu abin da ya hana shi neman a riƙa lissafa aikin da aka yi da harsunan Afirka wajen ƙarin girma, kuma da wuya takwarorinsa na Mali da Burkina da Senegal su ƙi mara masa baya.

Na san za a ce ɗalibai na kukan kuɗin tallafi da ba ya zuwa kan kari, azuzuwa sun cika, shekarar karatu na shiga cikin wata, wa ke ta wannan? Amsata ita ce fita da ɗalibai gona ba ta jiran a gama gina sabon ɗakin lacca. Sassabe na kankama ne wajen watan Afrilu zuwa Mayu, kafin ruwan farko. A lokacin ne ake ganin hannun manomi kan kututture, wane reshe yake bari, wane yake cirewa, da dalilinsa. Bayan shuka ta rufe gona sai kuma baɗi. Sassan aikin gona na Maraɗi da Tawa da sashen labarin ƙasa na Damagaram, in suna son ɗalibansu su ga wannan da idonsu a sassabe mai zuwa, sai su aika wa masu garuruwa tun yanzu, su nemi mota, su kuma sa kuɗin malaman da za su tarar a gona cikin kasafinsu.